Majami'a a Bayan Fallen Taliya

"Lafiya lau na kwana, har da munshari, tunda ban yi mafarkinka ba. Shigo ka rufe min ƙofa."

"Nonna, wai har yanzu ba ki mutu ba? Ni fa baƙaƙen kaya na saya tun bara, suna neman tsufa a akwati."

"Ina jiran ka yi hankali tukuna. Ka ga kuwa da sauran zama a duniya."

Haka Ettore da kakarsa Cesira, wadda yake kira Nonna, suke gaisawa tun yana ɗan mitsitsi, yanzu ga shi da gemu ba su fasa ba. Ranar Asabar ce. Washegari dangi za su taru a gidan tsohuwar su ci lazanyar ban kwana, wato fallayen taliya da ake jerawa da miyar nama a gasa, don Litinin Ettore zai tashi zuwa Oslo, can wata ƙasa mai nisa, inda ya samu aiki. Amma ba ban kwana ne ya fito da shi da sassafe ba, sandarta ce ta murza taliya. Doguwa ce har ƙugu, ta gaje ta wajen uwarta, sandar ba ta taɓa ganin ruwa ko sabulu ba. Tsohuwa ta daɗe da kafa doka: duk jikan da ya murza fallen taliya har aka ɗaga shi a taga ta hango majami'ar San Luka da ke kan tudu ta cikinsa, sanda tasa ce. Kowa a garinsu Bolonya ya san wannan ma'auni, sai dai ita da gaske take. In kuwa Ettore ya kasa, ta ce gobe a gaban kowa za ta miƙa wa Ombretta, 'yar kawunsa, wadda ta riga ta buga ƙusa a bangon falonta don ta rataye ta ado. Wannan ƙusa ta hana Ettore barci.

"Mene ne wannan kake ɓoyewa a baya, yake ƙarar ƙarfe?"

"Injin taliya ne. Kyauta na kawo miki, ki huta."

"Fitar min da shi waje kafin katakon murjina ya ji labari. Taliyar inji santsi gare ta, miya ba ta kama ta. Ka ba mutanen Oslo, su da ba su san komai ba sai kifi."

"Zamani ya canza, tsohuwa."

"Cikin mutane bai canza ba. Wanke hannu."

Ya ajiye injin a bakin ƙofa kamar takalmi. Ya tula fulawa a kan katako, ya yi rami a tsakiya, ya fasa ƙwai, ya zuba dafaffen alayyafon da ta matse ta yayyanka. Ita tana can zaune kusa da murhu, wai gwiwa ke damunta, tukunyar miyar nama na ɓararraka a gefenta.

"Da tafin hannu ake danna kwaɓi, ba da yatsu ba. Shafa kan kyanwa kake yi?"

"Daga can kike ganin yatsuna?"

"Kunnena ya gaya min. Kwaɓin da ake yi wa adalci nishi yake yi, naka dariya yake maka."

Kwaɓi ya yi laushi, ya kifa masa kwano ya huta. Sannan ya ɗauki sandar. Ya murza, ya juya, ya naɗe fallen a jikin sanda ya warware, ya saki rabinsa ya rataya a bakin tebur ya ja sauran. Ba ƙarya, yaron ya iya, don ya shekara yana gwadawa a ɓoye da sandar aro. Ya ɗora fallen a kan damatsansa ya je taga ya ɗaga. Ga tudun, ga majami'a a bisansa, koriya shar ta cikin taliya, har da tulluwarta.

"To, matar kakana Oreste, gani ya kori ji. Me kika gani?"

"Bargo."

"Bargo kuma?"

"Bargon sojoji. Kawo shi nan."

Ta karɓa, ta zura tafin hannu a ƙarƙashinsa, ta shafa gefe da gefe, ta taɓe baki.

"Na kare ne wannan."

"Ba ki da kare, Nonna."

"Maƙwabta suna da shi. Koma ka sake."

Ettore ya koma yana sosa ƙeya. Yana cikin murza na biyu ya waiga, sai ya ga tsohuwa ta yanka bargon sojojin gida-gida, tana tsoma kowane a tafasasshen ruwan gishiri, ta tsamo ta jefa a ruwan sanyi, ta shimfiɗa a kan farin ƙyalle a tsanake.

"Karen maƙwabta ne ake shimfiɗa wa ƙyallen aurenki?"

"Karen yana da mutunci. Ya fi wasu jikoki."

Na biyu ya fi na farko sirantaka. Wannan karon har bishiyoyin kan tudu yana iya rarrabewa. Ya ɗaga yana haki.

"Yanzu fa?"

"Tafin takalmin kakanka."

"Nonna, ga ta nan. Ga tulluwa, ga bishiyoyi, ga tattabara ma ta wuce."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Ai karin maganar nan ni take goya wa baya. Ni na hango, ke ba ki hango ba."

"To juya ta, ta dace da ni. Kawo."

Shi ma ta shafa shi, ta kira shi na kare, ta yanka ta dafa. Nan fa kan Ettore ya ɗaure tamau. Ya goge gilashin tagar da hannun riga. Ya rufe ido ɗaya ya duba, ya rufe ɗayan. Ya fara zargin ko tun yana yaro wata majami'ar daban ake nufi, shi ne bai sani ba. Har ya tambaya.

"Wai San Luka nawa ne a garin nan?"

"Ɗaya ne, kamar hankalinka. Shi ma daga nesa ake hangensa."

"Ko dai kin riga kin yi wa Ombretta alkawari ne, kike wahalar da ni a banza?"

"Mai haƙuri yakan dafa dutse."

"Na dafa dutse, na murza dutse, saura in ci."

Na uku ma haka ya tafi wajen kare. Gumi ya jiƙa masa riga, kafaɗunsa na zogi, ransa ya fara ɓaci da gaske, don yana son sandar nan fiye da yadda zai iya faɗa. So yake ya isa garin da bai san kowa ba da abu ɗaya mai ƙanshin ɗakin girkin nan. Sai ya ɗauki ragowar kwaɓin ya yi masa murjin fushi. Ya murza har zanen katakon ya bayyana ta ciki, har fallen ya zama ba shi da maraba da ɓawon albasa. Kowace tsohuwa a unguwar za ta gaya maka wannan ya wuce na lazanya, ko miya ba zai ɗauka ba, amma wa ya tsaya tunani.

Ya lallaɓa shi zuwa taga. Yana ɗaga hannuwa fallen ya tsage ta tsakiya, ya zame ya faɗa kan kujerar da ke gindin taga, ko ƙara bai yi ba. Ettore ya tsaya hannuwa a sama, babu komai tsakaninsu sai hasken rana. Ya buɗe baki zai yi ashar, tsohuwa ta riga shi.

"Har yanzu da kauri. Ko alamar majami'a ban gani ba."

Ya yi dariya, ya ɗauka sabuwar zolaya ce. Ya dubi fuskarta. Ba dariya a ciki. Ta ƙura wa tagar ido, ta ɗan karkatar da kai, tana jiran ya kawo mata ta shafa. Sai ya tuna yadda ta laluba kafin ta sami gishiri, da yadda ta san injin da ƙararsa. Ya sauke hannuwa a hankali.

"Kawo mana, ko shi ma ka ƙi?"

Ya je ya durƙusa gabanta, ya sa hannuwansa a cikin nata. Ta shafa, ta sake shafawa, ba ta ji falle ba.

"Ina fallen?"

"Yana kan kujera. Ya faɗi kafin ki yi magana."

"Ɗan banza. Tarko ka ɗana wa tsohuwa."

"Wallahi shi ya faɗi da kansa. Tun yaushe, Nonna?"

"Rabona da San Luka tun kafin bikin Ombretta. Kullum hazo nake gani a tagar nan, ko da rani."

"Mama ta sani?"

"In ta sani ta kwashe ni ta kai gidanta, inda ake sayen taliya a leda? Gara kabari."

"To ukun da kika ba kare fa?"

"Ido ba mudu ba ne, ka ji ana faɗa. Ni tafin hannuna ne mudu. Na farkon ma ya yi, tun da na taɓa shi na sani. Ko uwata ba ta fi haka ba."

"Shi ne kika bar ni ina zuba gumi?"

"Dangi guda za su ci gobe, wa zai murza min, gwiwata? Kuma da na ce ya yi, da ka suri sanda ka tafi haɗa akwati." Ta miƙa hannu ta lalubo sandar a kan tebur, ta ɗora masa a cinya. "Ungo. Taka ce. Ombretta ta rataye laima a ƙusarta."

Ettore ya shafa itacen, ya ji inda hannunta ya cinye shi shekara da shekaru. Sai ya mayar mata da ita kan cinyarta.

"Ban karɓa ba."

"Kai kuma yau wane irin ruɗani ne wannan? Ka roƙa, an ba ka, ka ƙi."

"Dokar taki ce. Kin ce sai kin hango majami'a da idonki. Kin hango?"

"Na yafe dokar."

"Ni ban yafe ba. Ki bar Mama ta kai ki wajen likitan ido ya duba hazon nan. Da Kirsimeti zan dawo in murza, ki gani, in ɗauki abata. In kin ƙi, ki ba Ombretta ta rataye."

Dariya ta ƙwace wa tsohuwa, ta yi ta yi har da hawaye, tana dukan kafaɗarsa da sandar.

"Da igiyata ka ɗaure ni, jikan Oreste. To na ji. Kira uwarka." Ta share ido da gefen riga, ta tura masa kwandon ƙwai. "Amma ka sani, in suka gyara min ido na ga fuskar nan taka na suma, alhakina a wuyanka. Tashi ka kwaɓa wani, falle uku ba sa isar kare."