Shekarar da Aladu Suka Hau Tudu

A ƙasar Jan Kogi, can gabas mai nisa, dabbobi goma sha biyu ne ke karɓa-karɓar mulki, kowace da shekararta. Tsarin ya samo asali tun ranar da kakanninsu suka yi tseren ƙetare kogin. Waɗanda suka riga isa, Ɓera da Sa da Damisa, suka zaɓi tudu, inda ruwa ke ɓuɓɓugowa. Kare da Alade, da suka zo ƙarshe, suka sami abin da ya rage, wato fadamar da kogin ke zubar da duk abin da ya kwaso.

Masu duba na fada sun daɗe suna koyar da cewa halin kowa yana bin shekararsa. Ɗan shekarar Sa mai haƙuri ne, ɗan shekarar Ɓera mai tanadi, ɗan shekarar Alade mai son laka. Ba wanda ya taɓa tambayar ko akwai wani abu a fadama ban da laka.

Akwai wata al'ada da ake kira wankin shekara. Idan damina ta yi nisa, madatsar da ke bayan fada ta cika, sai mai mulkin shekarar ya ba da umarni a buɗe ƙofarta, ruwa ya tafi da dattin tudu. Ana kiɗa, ana raba shinkafa. Ruwan yakan isa fadama kafin labarinsa. Bayan ya janye, akan tsinci gawawwakin 'ya'yan karnuka da na aladu maƙale a rassan bishiya. Mazauna fadama sun ce daga baya ana jin kukansu cikin ciyayi. Mazauna tudu sun ce kwaɗi ne.

Da shekarar Alade ta zagayo, Uwar Aladu ta hau tudu da 'ya'yanta, domin doka ce mai mulki ya zauna a fada da iyalinsa. Tsohon Kare, maƙwabcinta da ya gama tasa shekarar, ya miƙa mata sanda a gaban majalisa. Ta tsaya ta ce:

"'Yan majalisa, an ce ƙazanta halinmu ce. To dattin da ke jikinmu naku ne, kogi ya kawo mana. Da kakana ne ya riga isa gaɓa, da yau Sa ne ke birgima a laka, masu duba suna cewa halinsa ne. Na binne 'ya'ya a wankin shekaru da yawa. Bana ba za a buɗe ƙofar nan ba."

Sa ya ci gaba da tuƙa. Damisa ta yi hamma. Ɓera, wanda ke riƙe da muƙamin Waziri a kowace shekara, ya duƙa.

"Ranki ya daɗe, magana ta yi kyau, har na ji ƙwalla. Majalisa ta amince. Sai dai ruwa ba ɗan majalisa ba ne."

Ya juya ya yi gaisuwa ga kujerar Dodon Ruwa, ɗaya daga cikin dabbobin sha biyu. Ba wanda ya taɓa ganin Dodon, amma kullum kujerarsa a jiƙe take.

A bakin ƙofar fada Tsohon Kare ya tare ta.

"Maƙwabciya, kin iya jawabi. Kusan irinsa na yi bara."

"Kai ai ka buɗe. Kunya ba ta kashe ka ba?"

"Ba ta kashe ni ba, ga ni zan koma in zauna cikin waɗanda na jiƙa. Abu ɗaya nake roƙo. Jikokina suna can. Idan ranar ta zo, ki aiko Doki da labari tukuna, mu samu mu hau bishiya."

"Ranar ba za ta zo ba."

"Allah ya sa," in ji shi, ya gangara.

Watanni suka wuce. 'Ya'yan Uwar Aladu suka yi fes, suka saba da busasshiyar ƙasa, suka fara toshe hanci idan baƙi sun zo daga fadama. Damina ta sauka da ƙarfi. Ruwan madatsa ya cika, ya rasa hanya, ya juyo baya. Ya ci lambun Zomo, ya shiga rumbun Sa. Wata safiya ya iso bangon ɗakin da 'ya'yanta ke kwana.

Majalisa ta taru. Ba wanda ya yi mata gori.

"Ranki ya daɗe, doka taki ce," in ji Waziri. "Mu dai mun san ruwa sai ya bi wani wuri. Ke za ki faɗa mana ina."

Ta aiki Doki fadama, ta ce a jira sai ya dawo. Aka jira. Ruwa ya tsallake dokin ƙofa, autanta ya fito da jiƙaƙƙun ƙafafu yana kiran ta. Daga tudu ana hango ƙurar Doki, bai kai rabin hanya ba.

"A buɗe," in ji ta.

Aka yi kiɗa, aka raba shinkafa. Masu duba suka sanar cewa wankin bana ya yi albarka, suka ƙara tausayin 'ya'ya cikin kyawawan halayen Alade.

Da shekara ta ƙare, ta miƙa wa Ɓera sanda, ta gangara da iyalinta. Inda gidan Tsohon Kare yake a da, laka ce shimfiɗe, ko sawu babu. Iska ta kaɗa ciyayi, wani siririn kuka ya taso daga cikinsu, ya yi shiru, ya sake tasowa.

Autan ya matso jikinta. "Inna, mene ne wannan?"

Ta daɗe tana kallon ciyayin.

"Kwaɗi ne," ta ce. "Wuce mu tafi."