Yadda Ake Rainon Ciyawa a Tsakar Gida Har a Rasa Gonar Fadama

Ɗan'uwa, idan ka gaji da ganin tsakar gidanka a share fes kamar ta kowa, kana son ta koma kore shar irin ta manyan otal, to ka zo wurin gwani. Sunana Malam Salahuddeen, ina koyarwa a wata firamare a Ƙanƙara, kuma a iya sanina ni kaɗai ne a ƙaramar hukumar nan na taɓa ba ciyawa ruwa da gangan, da hankalina. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ba tsallake, cikin wata huɗu za ka samu abin da na samu, ba ragi.

Sharaɗi ɗaya ne: sai kana da abin da za ka rasa. Ni nawa gonar fadama ce. Surukina Alhaji Gide na Yargoje, da ya ga ƙarfinsa ya fara ja baya, ya ce kafin damina zai danƙa ta ga ɗaya daga cikin mazajen 'ya'yansa biyu, ko ni ko Maharazu mai gyaran babur. Ni ɗan boko, shi kullum cikin baƙin mai. Ban ma ɗauka akwai takara ba.

1. Je birni idonka ya buɗe

Samu taron bita a Abuja, ko na kwana uku ne. Kada ka saurari komai. Tsaya a taga ka ƙura wa ciyawar harabar otal ido har ƙwalla ta taru maka. Lokacin shan shayi, sulale ka cire takalmi ka taka ta. In mai gadi ya daka maka tsawa, ka san kana kan hanya. Masana irina sun tabbatar cewa duk abin da aka hana ka takawa, shi ne ci gaba.

2. Kawar da duk abin da ake ci

Da ka dawo, dubi tsakar gidanka da idon raini. Akwai zogale? Sare shi. Kuɓewa da barkonon da matarka ke bai wa ruwan wanke-wanke? Tuge su. Lambun zamani ba ya shiga tukunya.

Matarka za ta yi magana. Tawa, Shafa'atu, ta tsaya riƙe da ludayi ta ce, "Malam, to miyar hwa? Da mi za a kaɗa ta?"

Amsa ɗaya ce, ka haddace ta: "Ke ba za ki gane ba." Ni na faɗa ya fi sau goma, kuma har yau ba ta gane ba, Allah ya saka mata.

3. Sayo irin daga nesa

Kada ka sayi komai a kusa, abin kusa ba shi da daraja. Je Kaduna wajen masu sayar da furanni a bakin titi, a yanko maka ciyawar da ƙasarta a cika buhu biyu. A motar Ƙanƙara fasinjoji za su leƙa buhun su ce, "Allah shi sa albarka, raguna nawa ka ɗaure?" Yi murmushin wanda ya san duniya.

A gida Shafa'atu ta ɗago sili ɗaya ta jujjuya. Ta ce, "Malam, wanga abu ai kirikiri ce. Ita Baba ke yaƙi da ita tun kahin a haihe ni."

Kirikiri ita ce ciyawar nan mai yaɗo da manoma ke tsine wa safe da yamma. Ka ce mata sam, kama ce kawai, wannan 'yar ƙasar waje ce. Ka faɗa da ƙarfi, don kai ma ka ji ka yarda.

4. Sau nawa ake ban ruwa?

Wannan tambaya ake yawan yi mini, wato da a ce ana tambayata. Sau biyu, safe da yamma, kuma a tsakiyar bazara, lokacin da mutane ke layin rijiyar burtsatse. In ruwan ya yi kaɗan, rage na wanka, ba wanda zai mutu.

Taki kuwa, irin na zamani da manoma ke nema ido rufe, shi za ka barbaɗa mata. In ta yi tsawo, ɗauki almakashin ɗinkin matarka ka durƙusa kana yi mata aski. Ka tabbata ƙofar gida a buɗe take, don masu wucewa su ƙaru da ilimi.

5. Kafa doka

Ba takawa. Ba shimfiɗa tabarma. Ba shanyar tsaki. Kaji a kulle su, turmi a kai shi zaure. Za ka ga iyalinka suna bin jikin katanga kamar ɓarayi in za su kicin. Wannan shi ake kira tsari.

Gaskiya ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Akwai yammacin da na zauna a bakin ƙofar ɗaki ina kallon ta, na ji a raina babu kamata daga nan har Sabuwa.

6. Nuna wa surukarka

In uwar matarka ta zo, kamar yadda Hajiya Mairo ta zo mana wuni, tsaya gefe ka jira yabo. Ta tsaya a bakin zaure, ta dubi ciyawa, ta dubi 'yarta, ta dube ni. Ta ce, "Ashe ba ka jin daɗi kwana biyu, ba a hwaɗa muna ba?"

Ka ce lafiyarka lau. Za ta yi shiru, ta ƙi cin abinci, ta koma da wuri. Fassara shirun nan da cewa mamaki ne ya kama ta.

7. Tafi aiki ranar kasuwa

Ka san dattijo ba ya shiga gidan 'yarsa sai da babban dalili. To kai ka zama babban dalili.

Na taso daga makaranta bayan azahar, rana na dukan ƙeya. Tun daga zaure na ji ƙamshin sabuwar ƙasa. Ina shiga na tarar da Alhaji Gide, mutum mai shekara saba'in da ciwon baya, ya tuɓe babbar riga ya rataye a igiyar shanya, yana duƙe da fartanya. Saura kamar faɗin tabarma ɗaya. Sauran duk an tara ta a gindin katanga, saiwa sama. Shafa'atu na bakin kicin ta rufe fuska da mayafi, ban sani ba kuka take ko dariya, kuma ban taɓa tambaya ba.

Ya miƙe da ƙyar yana dafe da ƙugu, zufa na ɗiga daga gemunsa. Ya ce, "Malam Salahu, kada ka ji komi. Aikin gwamnati ya yi maka yawa, hakin ya hi ƙarhinka. Na shigo ta baya, ba wanda ya gan ni da hauya, kuma ba mai ji a bakina."

8. Yi godiya

Nan ne gwaninta take. Bakinka zai cika da bayani: Abuja, otal, buhu biyu, ruwan wata huɗu. Haɗiye shi duka. Dubi tafin hannun tsohon da ya yi kanta sabuwa saboda rufa maka asiri, ka durƙusa ka ce, "Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma." Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Sannan karɓi fartanyar ka ƙarasa sauran da hannunka, yana tsaye yana gyara maka riƙo.

Da zai tafi ya dafa kafaɗata ya ce, "Zancen hwadama, na ba Maharazu. Kai ka hwara da tsakar gida tukuna. Za ni riƙa leƙowa in ga yadda kake yi."

Gargaɗi

Marubucin nan bai ɗauki alhakin rasa gona, ko miya ba kaɗi, ko kallon da matarka za ta riƙa yi maka har ƙarshen rayuwa ba. Kada a zo mini gida da ƙorafi, musamman da hantsi, don ba na samuwa: ruwan farko na sauka abar nan ta sake tsirowa, ta fi da kyau, kuma Baba na zuwa duk ranar kasuwa. Mai son iri kyauta ne, ya zo da fartanyarsa.