Doguwar Eriyar da Ta Watsa Ɗaurin Aure

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na watsa ɗaurin auren ƙanwar matata a Kudan ba, ni kaɗai, da rediyo ɗaya da eriya ɗaya. Har yau in na tuna sai haushi ya turnuƙe ni, kuma abin takaicin shi ne babu wanda zan huce a kansa sai ni.

Ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Makarfi (ku riƙe wannan, don shi ya ƙara wa abin muni). Wani abokina da ke aiki a Legas ya kawo mini tsarabar 'yar rediyon hannu, irin wadda ake kira sikana. Ba a magana da ita, sauraro kawai take yi. Tana bin zango-zango tana lalube, in ta ci karo da masu magana ta oba-oba sai ta tsaya ka ji su. Matsalarta ɗaya, eriyar da ta zo da ita wata 'yar guntuwar roba ce da ba ta fi ɗan yatsa ba. Sati biyu ina zagaye tsakar gida da ita, abin da nake ji kawai shuuu, sai jefi-jefi 'yan bangar unguwarmu suna tambayar juna ko an ci abinci.

Ranar kasuwa na je rumfar Malam Sabo, wani dattijo mai gyaran rediyo. Bayan mun gaisa ya karɓa, ya jujjuya ta, ya buɗe wani gwangwani ya ɗauko eriya matsakaiciya.

"Wannan ce daidai da ita, Malam. An yanka ta daidai da zangon oba-oba."

Ni kuwa idona na can kan wata da ke rataye a bango, baƙa, mai kauri, ta kai tsawon hannuna. Na ce waccan nake so.

Ya ce, "Ai ba a zaɓen eriya da tsawo. Waccan ta na'urar intanet ce. Kuma dubi bakinta. Rediyonka rami gare ta, tana son eriya mai 'yar allura a tsakiya. Ita ma wannan rami ce. Za ta ɗauru, amma ba za su taɓa juna ba."

Maimakon in duba, sai na gyara tsayuwa na yi wa mutumin da ya yi shekara talatin yana kwance rediyo lacca kan yadda sauti ke tafiya a iska. Na murɗa doguwar, ta zauna daram. Na ce, "To ka gani?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kai ne mai ilimi, Malam. Allah ya sa albarka."

Da na koma gida, ko 'yan bangar ma na daina ji. Matata ta ce, "Abban Hafsa, ni dai na ga da tana ɗan magana, yanzu ta yi gum." Na yi mata bayani cewa eriyar ta yi ƙarfi ne sosai, shi ya sa take tsallake na kusa, sai na nesa kawai take kamawa. (Babu wannan a kowane littafin kimiyya. A take na ƙirƙiro shi, kuma kafin la'asar ni ma na yarda da shi.)

Ranar Asabar muka tafi Kudan. A kwanakin ana ta raɗe-raɗin ɓarayin shanu a ƙauyukan da ke kewaye, kowa a ɗar-ɗar yake. Na saka rediyon a aljihun babbar riga, eriyar ta leƙo waje har tana tsokanar kunnena. Duk wanda ya tambaya sai in ce, "Da wannan, abin da ake faɗa a cikin daji ma ina ji."

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan surukina, Alhaji. Liman ya zauna, waliyyai sun matso, ana shirin raba goro. Sai aljihuna ya yi ƙara, wata murya ta fito tar, karo na farko tun da na canza eriya:

"Mun zagaye shi. Ku kawo igiya."

Na kara rediyon a kunne.

"Ku tare ta baya, kar ya kuɓuce. Ina wuƙar? Da babban za mu fara."

Na rarrafa wajen Alhaji, na durƙusa. "Baba, Allah ya ƙara girma, akwai matsala. Na kamo maganar ɓarayi daga daji. Sun ce da babban za su fara."

Alhaji mutum ne mai natsuwa. Ya ce, "Ka tabbata, Malam?"

Nan ne ya kamata in ce ban sani ba. Sai na ce, "Baba, ai wannan eriyar ba ta kama na kusa." Don in tabbatar masa, na ƙure murya. Rediyon kuwa ta kwatsa wa duk taron:

"Ya tsinke igiya! Ku bi shi! Ya yi wajen ƙofar gida, wajen masu ɗaurin aure!"

Ban san mutane masu babbar riga suna da gudu haka ba. Waliyyin amarya, wanda ya zo yana dogara sanda, shi ne na farko a gonar raken da ke tsallaken hanya, kuma bai tafi da sandar ba. Tiren goro ya kife. Ango ya shige ƙarƙashin motar da aka yi wa ado. A cikin gida mata suka ɗauki salati, aka ce gwaggon matata ta kulle kanta a ɗakin girki ita da tukunyar shinkafa. Liman kaɗai bai motsa ba, yana ta jan carbi. Ni kuma ina tsaye a tsakiyar tabarmi, na ɗaga rediyo sama ina ihu, "A kwanta! Kowa ya kwanta!"

Sai ga wani ƙaton farin rago ya ɓullo daga lungun gidan, yana jan guntun igiya. A bayansa Sarkin Fawa ne, yana haki, wuƙa a hannun dama, oba-oba a hannun hagu. Ya kai ta baki ya ce, "Ga shi nan, ga shi nan!" Na ji maganar daga bakinsa, na kuma ji ta daga hannuna, a lokaci guda.

Ashe shugaban 'yan bangar garin ne ya ara wa masu hidimar biki oba-oba biyu, don mahauta su riƙa magana da masu girki. Dajin da nake kamowa bayan katangar Alhaji ne, taku ashirin daga inda nake zaune.

Ragon ya tsaya yana cin goro. Mutane suka fara fitowa daga cikin rake ɗaya bayan ɗaya, ƙaiƙayi a wuya, taɓo a shadda. Babu wanda ya zage ni. Na so a ce an zage ni.

Shugaban 'yan bangar ya zo ya karɓi rediyon. Ya kwance eriyar gaba ɗaya, ya ce wa Sarkin Fawa ya yi magana. Muryar ta fito tar kamar da, babu abin da ya ragu. Ya leƙa bakin eriyar, ya ɗaga ta kowa ya gani.

"Malam, ai wannan ba ta haɗe da komai. Sanda kawai kake yawo da ita. Rediyo in ba eriya, sai wanda ke gefenta take ji."

Wani daga baya ya ce, "Ba shi ne malamin kimiyya ba?" Wani ya amsa masa da cewa shi ne.

An ɗaura auren bayan azahar, da aka samo waliyyin amarya aka lallashe shi. Sai aka kawo abinci gaban Alhaji. Ya tura mini kwanon nama gabana da hannunsa, ya ce, "Ci, Malam. Babban ne."

Na ci. Me zan yi? A mota, da muka wuce kwanar gari, sai na ji kujerar matata na girgiza. Dariya take yi, ta toshe baki da mayafi, hawaye na zuba. Na ce mata wannan ba abin dariya ba ne, mutuncin mijinta ne ya zube. Ta ce ta sani, shi ya sa ta jira sai da muka bar garinsu.

Darasin da na koya bai da yawa, amma ya zauna mini. In dattijo ya ce maka "kai ne mai ilimi", ba yabonka yake yi ba, ya gaji da kai ne. Ka tsaya nan, ka sake tambayarsa me ya ce.