Yadda Na Kawar da Layin Mai da Launi Ɗaya

Yau da safe an tsine mini a layin mai, kuma na amsa da amin. Ina tsaye riƙe da jarkar ofishinmu, rana ta fara cizo, sai wani dattijo mai babur da ke gabana ya juyo ya miƙo mini wayarsa.

"Samari, idona ba ya gani sosai. Me abin nan ya ce game da gidan man nan?"

Na duba. Na ce, "Baba, ya ce babu layi."

Ya dubi layin, wanda ya sha kwana ya wuce shagon mai faci ya ɓace. Ya sake duban wayar. Ya ce, "Wanda ya ƙera abin nan, Allah ya sa ya tsufa a layi."

Na ce amin a hankali, don ba kyau a bar addu'ar babba ta faɗi ƙasa. Ni na ƙera abin.

Bari in gabatar da kaina. Da safe ni ɗalibin kwamfuta ne a jami'a. Da rana kuma ina koyon sana'ar haɗa manhajar waya a wani ƙaramin kamfani da ke saman shagon tela. Mahaifiyata tana gaya wa ƙawayenta cewa gyaran waya nake yi, shi ya sa ɗakina ya cika da wayoyin da suka faɗa ruwa. Na daina yi mata bayani.

A jami'a muna da ɗakin kwamfuta mai kyau ƙwarai. Na taɓa leƙa shi ta taga. Yana kulle tun kafin in shiga makarantar, ana jiran wani babban mutum ya samu sukuni ya zo ya yanke kyalle. Kafin nan, malaminmu, wanda muke kira Dokta, yana koya mana sarrafa kwamfuta da alli a kan allo. Hanya ce mai inganci, domin allo bai taɓa neman wuta ba. A kamfani kuwa akwai kwamfuta, wutar ce babu. Don haka darasin farko da Oga, mai kamfanin, ya koya mini a wannan sana'a ta zamani shi ne yadda ake ɗaukar jarkar man janareta ba tare da ta ɓata wando ba.

Ana nan sai Allah ya kawo mana aiki daga ofishin Mai Girma Babban Mai Sauƙaƙa wa Talaka Wahala. Yana son manhajar da za ta nuna wa jama'a gidan man da ke da layi da wanda babu. Oga ya ba ni ɓangaren taswira. Wannan ne aikina na farko da ba shi da hannun ɗauka, kuma na ba shi zuciyata. Tsarin mai sauƙi ne: duk wanda ya je gidan mai ya danna ya faɗi abin da ya gani. Inda layi ya yi tsawo, wurin ya zama ja. Inda babu layi, kore.

Maƙwabcina direban tasi ne, muna ce masa Baban Biyu. Shi na roƙa ya gwada mini, shi kuma ya jawo abokan aikinsa. Abin ya yi aiki. Wata safiya ya ga ɗigon kore ɗaya tilo a bayan kasuwa, ya je, ya sha mai, har ya kai 'yan biyunsa makaranta kafin a rufe ƙofa. Da ya dawo ya tsaya a bakin tagata ya ce, "Ɗan kwamfuta, ashe karatun naka yana da amfani." Ban taɓa samun yabo irin wannan a jami'a ba.

Ranar nuna wa Mai Girma aiki, muka sa kayanmu na zuwa biki. Aka ajiye mu a ɗakin jira har na haddace fuskarsa daga hotunan bango. Da aka shigar da mu, sanyin ofishin ya sa na fahimci inda wutar unguwarmu take kwana. Na haɗa kwamfuta da babban allon bango, taswirar gari ta fito. Ja ce daga sama har ƙasa.

Mai Girma ya cire tabarau. "Mene ne wannan?"

Oga ya ce, "Layin mai ne, ranka ya daɗe."

"Wa ya ce a sa shi ja?"

"Jama'a ne suka danna, ranka ya daɗe."

"To jama'ar ba su da wani launi ne? Ja launin tashin hankali ne. Mu aikinmu kwantar da hankali." Ya nuna ɗigon kore guda da ke can gefe. "Wannan ya yi kyau. A yi sauran haka."

Na buɗe baki. Oga ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, irin takun da ya fi lakca bayani. Wani na hannun daman Mai Girma ya ce tunda yake bai taɓa ganin an warware matsalar mai cikin sauri haka ba. Sauran suka gyaɗa kai. Aka ƙara da cewa hoton Mai Girma ya riƙa fitowa kafin taswira, kuma ya ɗan jima, don jama'a su samu natsuwa.

A matattakala Oga ya tsaya yana goge zufa, duk da sanyin da muka baro. Ya ce, "Na san abin da za ka faɗa. In aikin nan ya kuɓuce, rufe ofis zan yi. Kai kuma jami'a ba za ta yaye ka ba sai ka kammala koyon aiki a wani wuri. Ka san wani wurin?"

Ban san wani wurin ba. Na koma na mayar da gari kore. Gyaran bai kai tsawon shan kofin shayi ba. Masana sun daɗe suna rubuce-rubuce a kan ƙarancin mai, ga shi ɗan koyo ya gama da shi kafin shayinsa ya huce.

Bikin ƙaddamarwa ya faɗo ranar jarrabawata. An kafa rumfuna, an kawo masu kiɗa, motocin manya sun cika fili, kowacce injinta a kunne don kada kujera ta yi zafi kafin mai ita ya dawo. Aikina shi ne in tsaya bayan labule in tabbatar allo bai mutu ba. Mai Girma ya yi jawabi a kan yadda matasa su ne gobe. Ni kuwa goben tawa tana can ana shirin raba mata takardar tambayoyi. Mai Girma yana danna maɓalli, gari ya yi kore, aka yi tafi, na fita ta baya da gudu.

Na isa zauren jarrabawa a makare, numfashi yana neman ƙwacewa, ina tsara ƙaryar da zan yi. Na tarar da ɗalibai zaune a waje suna fifita da littattafai. Dokta bai zo ba. Ya ji sanarwar sabuwar manhaja a rediyo, ya sauke ta, ta nuna masa gidan mai kore a kan hanyarsa, ya ce bari ya ɗan biya. Motoci suka rufe shi gaba da baya. Aka ɗage jarrabawa. Wannan ne karo na farko da wani shirin hukuma ya amfane ni kai tsaye, kuma ina godiya.

Dariyar ta tsaya da na dawo gida. Na hango Baban Biyu yana turo tasinsa daga bakin titi, 'yan biyun suna taya shi da ƙananan hannuwansu. Ragowar man da ke tankinsa ya ƙone wajen bin kore daga wannan gidan mai zuwa wancan. Ranar bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba. Na ajiye jaka na kama turi. Bai zage ni ba, wanda da ya yi da na fi jin daɗi. Sai da muka kai ƙofar gida ya ce, "Na gaya wa mutane cewa ɗan unguwarmu ne ya yi abin. Cewa na yi su yarda da shi."

Washegari na sami Oga. Na ce, "Oga, kore aka ce, ko?"

"Kore aka ce."

"An faɗi wane kore?"

Ya dube ni. Ya ce, "Ni ban ji tambayar nan ba." Ya juya ya ci gaba da aikinsa. Ni kuwa na zauna na raba koren gida uku.

Saboda haka, masu karatu, ku buɗe kunne. Gari yana nan kore kamar yadda aka umarta. Amma in kun ga kore mai haske, irin na sabon ganye, ku je, akwai mai. In kun ga mai duhu, ku tafi da abin zama. In kuwa ya yi duhun da ya kusa zama baƙi, ku yi sallama da iyali tukuna. Baban Biyu ya yaɗa wannan a tasha, ya kuma dawo gaishe ni, ko da yake har yanzu bai sake cewa karatuna yana da amfani ba. Mai Girma ya ga sabuwar taswirar ya yaba. Ya ce yanzu ta fi kama da lambu.

Shekaranjiya direbansa ya hawo ofishinmu a sace, ya ja ni gefe, ya ce in koya masa karatun koren. Na ce ashe Mai Girma ma yana bin layi?

Ya ce, "Ina! Shi har gida ake kai masa. Don babur ɗina nake tambaya."

Na koya masa.

Yanzu an ce Mai Girma ya ji daɗin aikinmu har zai ba mu na ruwan famfo, kuma ya riga ya zaɓi shuɗi. Oga ya ce in fara binciken shuɗi iri nawa ne a duniya. Na ce sai na gama jarrabawa, in Dokta ya fito daga layi.