Tabawa Ta Kawo wa Bar-su Igiya

"…ina gajiya? Ina aiki? Ina kuma ɗan'uwanka mai ƙafa huɗu, wanda har yau ban gane ba, tsakaninka da shi wa ke kiwon wani?"

"Lafiya lau muke kafin ki iso," in ji Alkasim, ko kai bai ɗaga ba daga kunyar rogon da yake gyarawa. "Wa ya kwance min baiwata da hantsin nan?"

Tabawa ta tura ƙyauren karan ta shiga garkar. Uban Tabawa da uwar Alkasim ciki ɗaya suka fito, don haka taubasai ne, tun suna yawo ba wando suke yi wa juna tsiya, ga shi duk sun yi furfura ba su gaji ba. Garkar Alkasim tana bakin hanyar da ta tashi daga Waca ta nufi Magariya, rake a ƙasa wajen fadama, rogo da mangwaro a sama. Yana da wani jan kare, Bar-su, mai gadin garkar. Gadi kam yana yi. Sai dai ya ƙara wa kansa wani aikin: duk moton da ya zo wucewa, wato babur, sai ya tsallake shinge ya tare shi.

Shekaranjiya ya tari Auwalu ɗan kabu-kabu, yana ɗauke da Hinda mai cikin wata bakwai za ta awo. Auwalu ya kauce, suka zube a gefen hanya. Hannunsa ya karye, Hinda ta ƙuje tun daga kafaɗa har gwiwa. Mai gari ya aika a yi wa Alkasim magana, ya ce ya ji. Samari suka zo, ya raka su da kotar fartanya. Tabawa ungozoma ce, ita ta wuni da Hinda a likita, kuma kowa ya san in akwai mai iya faɗa wa tsohon nan magana ya haɗiye, ita ce.

"Baiwarka?" ta ce. "Ɗan mace har ya samu bakin magana. Uwarka a gidanmu aka yi mata wankan jegonka. Hatsin ubana ka ci ka yi wannan ƙaton kan."

"Hatsin ubanki duk ƙaiƙayi ne. Shi ya sa har yau nake tari."

Karen ya taso daga gindin mangwaro yana kaɗa wutsiya, ya nufo ta.

"Kai, tsaya can! Alkasim, kira abinka. Da alwalata, kada ya lashe min zane."

"Bar-su ba ya lasar abin da ya kwana biyu. Yana da tsabta."

Ta sami kututture ta zauna, ta gyara mayafi.

"Na zo gaishe da mai laifi ne. An ce a garin nan akwai wani sabon jandarma mai tare motoci."

"Aikin hukuma yake yi, kyauta. Bar-su ya san mai takarda, ya san marar takarda. Wanda ya cika takardunsa ko kallonsa ba ya yi."

"To a ɗinka masa hula a rataya masa usur. Hinda fa, wace takarda ce ba ta cika ba?"

Alkasim ya sa fartanya a ƙasa ya ja, ya sake ja.

"Yaran nan gudu suke yi kamar an biyo su. Ni na ce su yi gudu? Kafin a yi hanyar nan garkata tana nan. Hanya ce ta zo ta same mu."

"Ashe. To sai mu rubuta wa hanya takarda ta tashi ta koma Dungas."

"Ke ba ki san karen nan ba. Kakansa shi kaɗai ya kashe kura biyu a dajin Dungas, ta uku ta zo ta ba shi haƙuri."

"Kura uku! Kai da zakaran Inna ya kora har cikin rumbu, sai da aka sa tsani aka ciro ka kana kuka da majina."

"Dabara ce. Na ja shi ne nesa da ke, don na ga kin fara fitsari a tsaye."

Tabawa ta yi dariya har ta dafa gwiwa. Sannan ta sa hannu cikin mayafi ta jawo wata doguwar igiyar rama, sabuwa fil, tufka uku, ta jefa gabansa.

"Ga tsaraba."

Alkasim ya dube ta, ya dubi igiyar.

"Ta mece ce?"

"Da na fara tufka, wuyanka na auna. Sai na tuna kai gwiwa ta ƙare, ko an sake ka ba inda za ka. Sai na ce to a ba mai gudu."

"In ɗaure Bar-su? Akuya ne? Karen da ko sau ɗaya igiya ba ta taɓa wuyansa ba?"

"Hannun Auwalu ma karan ɗori bai taɓa hawansa ba sai shekaranjiya."

"Ki ɗauki abarki ki je ki ɗaure bakinki da ita. Garin nan zai huta."

"Bakina shi ya kawo ni, ka saurara." Ta rage murya. "Jiya na biyo ta tasha. 'Yan kabu-kabu sun haɗu, na ji da kunnena. Sun ce ba za su sake zuwa wurinka ba, kuma ba za su kai ƙara ba. Tsoka ɗaya za su saya, su barbaɗa mata abin da za su barbaɗa, su jefo ta bakin shingenka. Na ce su ba ni yinin yau in gwada."

Alkasim ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Wanda ya taɓa min kare, wallahi…"

"Wallahi me? Za ka bi su da gudu? Su nawa za ka kama? Ba za ka ma san wanda ya jefo ba."

Alkasim ya juya ya dubi karen. Tabawa ta san abin da ke ransa. Tun da Marwa matarsa ta rasu, 'ya'yansa maza kuma suka bazu neman abinci, ɗaya Kano ɗaya Agadas, ba wanda yake wuni da shi sai karen nan. A cikin kwalbati ya tsince shi ido bai buɗe ba, ya raine shi da kunu. Ta sha tarar da shi yana ba karen labari kamar mutum. Ba ta faɗi ko ɗaya daga cikin wannan ba, don in ta faɗa zai ji kunya, in ya ji kunya kuma sai ya ƙara taurin kai.

Suna nan sai ga ƙarar moto daga wajen Waca. Kunnuwan Bar-su suka miƙe. Kafin Alkasim ya juya, karen ya bi ta wata ɓaraka a shinge ya faɗa hanya.

"Bar-su! Kai, Bar-su! Dawo!"

Ko waiwaye bai yi ba. Mai moton ya ɗaga ƙafafu sama, matar da ke bayansa da goyo ta ƙwalla salati, moton ya yi tangal-tangal ya sauka gefe cikin yashi, Allah ya sa bai faɗi ba. Mutumin ya waiwayo ya ɗura wa mai kare zagi ya wuce. Karen kuwa yana tsakiyar hanya yana haushi, bai ga wata babbar mota shaƙe da buhuna da ta taho daga Magariya ba. Direba ya danna ƙaho, ya taka birki, tayoyi suka yi ƙara. Tabawa ta rufe ido.

Da ta buɗe, sai ta ga Bar-su ya mirgino gefen hanya, ya tashi, ya shigo ta ɓarakar da wutsiya a matse, yana ɗingishi. Alkasim ya riga ya yar da fartanya. Ya durƙusa yana shafa ƙafafun karen ɗaya bayan ɗaya, yana lalube haƙarƙarinsa.

"Bai karye ba," ya ce, ba da kowa yake ba. "Gefen taya ne ya buge shi. Bai karye ba."

Tabawa ta bar shi ya gama. Sannan ta ce, "Haka uwar Hinda ta yi ta laluben cikin 'yarta a bakin hanyar nan. Sai da muka kai likita, aka sa abin saurare, muka ji zuciyar ɗan tana bugawa, sannan matar nan ta iya zama. Ni na riƙe ta."

Alkasim ya ɗago kai. Ya share fuska da hannun riga.

"Ɗan yana nan lafiya?"

"Yana nan. Sai yau ka tambaya."

Ya miƙa hannu ya jawo igiyar. Ya juya ta, ya ja da ƙarfi, ya sa ƙafa ya taka ya sake ja.

"Wannan wace irin tufka ce? Ko kaza ba za ta riƙe ba."

"To ba ni abata."

"Tsaya mana. Ba don maganarki ba, ki sani. Ni dama tun bara nake da niyya. Direbobin nan ne ba su iya tuƙi ba, kada su kashe min kare."

"Na sani. Duk Waca an san ka da niyya."

Ya yagi tsumma daga tsohon buhu ya naɗe wajen da zai zauna a wuya don kada ya ci masa fata, ya yi ƙulli wanda ba ya zargewa. Bar-su ya yi ta girgiza kai yana kuka ƙasa-ƙasa, Alkasim yana lallashinsa. Ya ɗaura ɗaya bakin a gindin mangwaro, ya ja karen ya gwada. Igiyar ta kai bakin rogo, ta kai wajen kaskon ruwa, ta tsaya taku biyar kafin shinge.

"Kin gani? Gajeriya ce. Ko bakin shinge ba ta kai ba. Rowa har a igiya."

"Da gangan na yi. Jiya na zo, sau biyu na auna da ƙafa kana barcin rana, bakinka a buɗe, ƙudaje na shiga suna fita."

"To in zan shiga gari fa? Ko in zan kai shi fadama?"

"Ka kwance daga itace ka riƙe a hannu. In kun yi nisa da hanya ka sake shi ya yi gudunsa. Ɓarakar nan kuma ka toshe ta yau, ba gobe ba."

"Har da umarni."

"Saura ɗaya. Ka wanke ƙafafun nan, ka sa rigar kirki, mu je ka duba Auwalu, ka duba Hinda. Yaron nan da hannun yake ciyar da gidansu. Ka buɗe baki ka ce ka yi laifi, kuma ka tambayi abin da za ka ɗauke masa kafin ya warke."

"Ni in ba sa'an ɗan cikina haƙuri?"

"Ba a mutuwa. In ka suma ina nan, na saba farfaɗo da masu naƙuda."

Wani moton ya taho. Bar-su ya zabura, ya yi gudu, igiya ta tsayar da shi cak. Ya yi haushi biyu, moton ya wuce lafiya. Karen ya dubi Alkasim, Alkasim ya kau da kai.

Ya ɗauki adda ya gangara fadama. Tabawa tana jin saransa. Can ya dawo da ɗaurin rake a kafaɗa, ya kasa biyu, ya ce wannan na gidan su Auwalu, wannan na Hinda. Sannan ya zaro wani kara guda, mafi kauri a cikinsu, ya miƙa mata.

"Ungo, ladan tufka. Da wane haƙori za ki sha, wannan tsakaninki da Mahaliccinki."

Tabawa ta karɓa, ta auna nauyinsa a hannu, ta mayar masa.

"Fere min. Ka yanka ƙanana."

Alkasim ya buɗe baki zai yi magana, dariya ta ƙwace masa. Ya girgiza kai, ya ciro wuƙa daga aljihu, ya zauna a ƙasa gabanta ya fara fera.