Inuwa a Ɗakin da Ba a Gina Ba

"...da gajiyar hanya? To madalla. Ina tsarabata, ko yau ma hannu ka ɗauko kana lilo da shi?"

"Bari in zauna mana, Amarya. Matar kirki ruwa take fara kawo wa mai gida."

"Ga ruwa nan cikin kwanuka, zaɓi wanda ya yi maka."

Gaskiyarta kuwa. Kwanuka ne jere a tsakar ɗakin kakar tasa, kowanne ya tari ɗigon ruwan saman jiya. Rufin ya lotsa, bangon gabas ya tsage har yatsa na shiga. 'Ya'yanta sun yi sun yi ta fita a rushe a gina mata sabo, ta ƙi. Shi jikan zanen gidaje yake yi wa magina a kwamfuta, don haka aka turo shi ya nuna mata sabon ɗakin, ko ranta zai biya. Zuwansa na farko kwamfutar ta ba shi kunya, hoton ya riƙa ɗingishi, bangon kamar na kwali. Yau da shirinsa ya zo.

Ya ciro wani baƙin akwati mai fanka a gefe, ya ajiye kan kujera.

"Wannan kuma fa? Akwatin auren nawa ne ya ƙanƙance haka?"

"Kati ne a ciki, shi ke ɗaukar nauyin hoto. Na cikin kwamfutar ya tsufa kamarki, sai na samo mata na waje, da waya ake jona su."

"Wato ita ma ta gaji da kai, sai da aka nemo mata mai taimako. Tsohuwar zuma dai da ita ake magani. Sabo ne?"

"Na hannu ne."

"Hannun wa?"

"Mai gyaran kwamfutar da ya sayar min bai faɗa ba. Ya dai ce in tafi da shi, kada in dawo masa da shi."

"Araha ba ta ado. Mijin da ke tsintar kayan da masu shi suka gudu suka bari, ina ni ina shi?"

"Ke da kike kwana da laima a kan gado? Jiya aka ce an ga kifi yana gaishe ki."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kunna mu gani, sarkin surutu."

Ya jona, ya kunna. Fankar ta ɗauki gurnani a hankali, sai ga ɗakin ya fito tar a kan allo. Hasken hantsi ya shigo ta taga ya kwanta a kan daɓe, labule yana motsi, har zaren bargon gadon ana iya ƙirgawa. Shi kansa bai taɓa ganin aikinsa da kyau haka ba.

"Yaya, Amarya? Bakin ya mutu?"

Ta matso da fuskarta dab da allon, ta ɗora yatsa a bangon da ke kallon taga.

"Wa ka sa a nan?"

"Ban sa kowa ba. Gado ne da kujera da kabad."

"To kabad ɗinka hula gare shi."

Ya duba. Inuwar mutum ce a tsaye jikin bangon, dogo, da hula, kafaɗar hagu ta ɗan saki ƙasa. Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ya cire kabad daga zanen, inuwar kabad ɗin ta tafi. Ya cire kujera da gado da labule, ɗakin ya zama fayau. Inuwar mutumin tana nan. Ya juya ranar zanen zuwa yamma, hasken ya bar bangon gaba ɗaya, ita ko gezau.

"Katin ne," ya ce. "Ragowar aikin mai shi na da ne ya maƙale a ciki."

"Mai shi na da ya taɓa faɗowa daga kan rufi ya goce kafaɗa?"

Ya juyo ya dube ta. Kakansa kafinta ne, ya rasu tun kafin a haife shi, hotonsa guda da ya rage kuma daga wuya zuwa sama ne. Bai taɓa jin zancen kafaɗa ba.

"Tsohuwa, daina wannan wasan."

"Au, yanzu na koma tsohuwa? Ɗazu Amarya nake. Mijin gaske ya leƙo, na aro ya fara neman takalminsa."

"Ni? Zafin akwatin nan ne ya sa ni gumi."

"Akwatin da ya yi shiru?"

Sai a lokacin ya lura fankar ta tsaya. Ba abin da ake ji sai ɗigon ruwa cikin kwano. Hoton kuwa yana nan daram, kan inuwar ya ɗan sunkuya, alhali ɗazu a miƙe yake.

Kakar ta gyara zama, ta yi magana kamar mai ba da labarin maƙwabci.

"Shi ya kafa rufin nan da hannunsa. Kullum da hantsi a jikin bangon can yake tsayawa, kusa da tsagar. Ba ya cewa komai, ni ma ba na cewa. Iyayenka suna ta a rushe, a rushe. In an rushe, ina zai tsaya?"

Jikan ya ɗaga ido a hankali ya dubi bangon gabas. Ba komai sai tsaga da tabon ruwa.

"Ba kowa a wurin."

"Yau bai zo ba. Tun safe nake duba hanya, har raina ya ɓaci. Ashe can ya tafi duba aikinka."

"To... me ya ce?"

"Kai da kake da akwati mai fanka, tambaye shi mana."

"Ni ba na shiga tsakanin mata da miji. Na sake ki, saki uku, ya riƙe kayarsa."

Ta kwashe da dariya har da tari, tana share ido da gefen mayafi. Sannan ta kwance bakin zaninta, ta zaro makullin ɗakin, ta cilla masa a cinya.

"Ka ci, matsoraci. Kai wa ubanka, ka ce su zo su rushe. Tunda ya riga ni tarewa, zaman me zan yi a nan?"

Ya damƙe makullin, ya kai hannu zai zare wayar akwatin. Ta buge hannun.

"Bar shi ya gama dubawa. Kuma ka ɗaga masa rufin nan, ba ka ga yana sunkuyawa ba? Shi ba gajere ba ne irinka."