Rasuwar Amarya, Motar Masu Wankin Ƙoda

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin cikin da na rasa inda zan sauke shi, ni Lazhar ɗan Amara na garin Arris, a madadin iyalina da fasinjojina, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motata, farar bas mai kujera takwas, wadda kowa ya sani da suna Amarya. Ta cika ranar Litinin ta makon jiya da hantsi a ƙofar asibitin wankin ƙoda da ke Batna, tana da shekara goma sha bakwai a duniya, goma sha huɗu daga ciki a hannuna.

Marigayiyar ba ta da jiniya, ba a taɓa kauce mata a hanya ba. Aikinta shi ne duk Asabar da Litinin da Laraba, bayan sallar asuba, ta bi ƙauyukan kan dutse ta kwaso masu katin lafiya na gwamnati waɗanda ƙodarsu ta daina aiki, ta kai su Batna, ta jira su awa huɗu a ƙarƙashin wata bishiya, ta mayar da kowa ƙofar gidansa. Asusun lafiya ne ke ɗaukar nauyin tafiyar. Abin da ake nema daga fasinja shi ne ya sa hannu a takarda, ko ya dangwala yatsa.

Halti Hadda (wato Gwaggo Hadda) ce ta raɗa mata suna, wata tsohuwa daga Tkout da ta shekara goma sha ɗaya tana shigarta. Ranar farko ta tsaya ta ƙare mata kallo, ta ce, "Kai Lazhar, amarya ka kawo mana? To Allah ya sa ta fi ni haƙuri."

Ta fi kowa haƙuri. Da safe takan yi kirr, kirr, ta yi shiru kamar mai tunani, sai a na uku ta tashi. Ƙofar gefenta na da wani kuka, ƙiiiƙ, wanda fasinjoji ke ji tun daga cikin ɗaki su fara neman takalmi. An yi amai a cikinta, an yi kuka, an raba gurasar kesra mai zafi a ɓoye, an ci dabinon da likita ya hana. Ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba.

Mutum ashirin da shida daga cikin fasinjojinta sun riga ta. In fasinja ya rasu, ba a cika tunawa a buga wa direba waya ba. Sai mu tsaya a ƙofar gida, in ga takalman maza sun cika bakin zaure, in kashe inji in shiga in yi gaisuwa, in fito mu ci gaba, domin sauran suna da layi ƙarfe takwas.

Ciwon ajalinta ya fara tun kaka. Ta soma tari, tana shan ruwa fiye da kima, in ta hau tudu allurar zafi ta yi sama. Na kai ta wurin Si Jamu'i bakanike, ya saurari injin, ya goge hannu.

"Lazhar, ka ba ni ita sati biyu in buɗe ta."

"Sati biyu? Wa zai kai mutanena?"

"To ka lallaɓa ta zuwa bazara. Amma in allura ta taɓa ja, ka tsaya ka kashe ta ta huce awa guda. In ka matsa, kada ka dawo mini da ita."

Na lallaɓa ta wata uku. Sai dusar ƙanƙara ta sauko ranar Juma'a ta rufe hanyar dutse, aikin Asabar bai yiwu ba. Da aka buɗe hanya ranar Litinin, fasinjojina sun kwana biyar ba wanki.

Uku na ɗauka a ranar. Halti Hadda, da Unisa malamar firamare, mai shekara talatin da ɗaya da 'ya'ya biyu, da Ammi Bilkasim (wato Kawu Bilkasim), manomin tuffa daga Ichmoul, wanda shekara tara ke nan yana koya mini tuƙi alhali bai taɓa riƙe sitiyari ba. Ɗansa ne ya tallabo shi zuwa mota. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, aka naɗe su da bargo. Yana numfashi kamar mai shan iska ta cikin kara. Tun daga ƙofar gidansa bai ce mini na yi sauri ba, bai ce na yi nawa ba, daga nan na san abin ya yi tsanani.

Muna tsakiyar hawan dutse allura ta kai ja. Na rage gudu, na fara neman gefen da zan tsaya. Unisa ta dafa kujerata ta baya.

"Ammi Lazhar, dubi leɓensa."

Na duba a madubi. Leɓen ya koma shuɗi. Na buga wa motar asibiti waya, aka ce tana bayan wata babbar mota da ta gitta hanya a can ƙasa ta bayanmu, sai an janye. Saura kilomita talatin da ɗaya.

Ammi Bilkasim ya ga allurar, domin idonsa kullum a kanta yake. Ya ce da ƙyar, "Tsaya, ɗana. Kada ka kashe ta saboda ni. Ita ke ciyar da gidanka. Ni na ci nawa."

Halti Hadda ta ce, "Rufe mana baki, Bilkasim, wa ya tambaye ka? Shekara tara kana damunmu, yau ba za ka mutu a kafaɗata ba. Taka, Lazhar."

Na buɗe hita har ƙarshe don ta ja zafin inji, na ce bismilla, na taka. Ina so a shaida cewa ba ta yi gardama ba. Ta hau sauran dutsen a giya ta biyu tana taf-taf-taf, wani sauti da ban taɓa jin ta yi ba. Unisa na riƙe da kan tsohon tana ta kiran sunansa. Hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin bonet tun muna shiga gari. A ƙofar asibitin ta yi wata ajiyar zuciya mai tsawo, ta tsaya da kanta kafin in taka birki. Ma'aikata suka fito da keke suka shige da shi. Na juya makulli sau uku, sau goma. Shiru.

Si Jamu'i ya zo da yamma ya leƙa, ya rufe bonet a hankali, ya rungume ni. Bai ce ai na faɗa maka ba.

Marigayiyar ta bar ni, da matata Luiza, da 'ya'yanmu huɗu. Ta bar Halti Hadda, wadda aka mayar gidan ɗanta a Batna, ta rufe gidan da aka kai ta tun tana amarya. Ta bar Ammi Bilkasim da ransa, a hawa na huɗu a gidan 'yarsa, inda ba ya ganin ko bishiya ɗaya. Ya kira ni shekaranjiya, ya ce, "Ka yafe mini, ɗana." Na ce ba abin yafewa. Ya ce, "Akwai. Kuma da ka sa giya ta ɗaya tun daga kwana ta farko, da wataƙila ta kai." Muka yi dariya, sai na ji yana kuka.

An miƙa hanyarmu ga wani kamfani mai sababbin motoci. An ce za su fara farkon wata.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan sallar azahar. Janwe zai ɗauke ta daga garejin Si Jamu'i zuwa wurin 'yan gwangwan da ke hanyar Tazoult. Na tambayi limaminmu ko akwai addu'ar da ta dace, ya ce ƙarfe ba ya buƙata, in yi wa mutanen da ta ɗauka. Za a zauna karɓar gaisuwa a gidana, bayan tashar mai, har la'asar. Akwai kofi.

Kada kowa ya kawo komai. Amma duk wanda ke da mota kuma zai nufi Batna ranar Asabar, Unisa za ta tsaya a gaban makarantar firamare ƙarfe shida, da jakarta da bargonta. Saura kwana goma sha ɗaya wata ya ƙare, ita kuma bai kamata ta wuce kwana uku ba a yi mata wanki ba.